Yadda Garar Sa'a ta Ƙare a Wajen Daɓe

Tun ranar da na dawo daga kai Sa'a ɗakin mijinta ban huta ba. A bakin rijiya tambaya, a gidan suna tambaya, a ajinmu na yamma ma kafin malama ta gama share allo an zunguro ni: "Tabawa, wai da gaske ne a bikin 'yarki kwaɓa kuka yi?" Bakina ya gaji. Ga shi na rubuta. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, kuma daga yau wadda ta sake tare ni a hanya, gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Ga wadda ba ta sani ba, Sa'a 'yar ƙanwata ce da ta rasu. Tana da shekara huɗu aka kawo min ita, a hannuna ta girma har ta gama makarantar aikin lafiya ta samu wuri a wani kemis a Ɗambatta. A nan Habu ya gan ta. Malamin makaranta ne daga wani ƙauye gabas da Magarya, can Nijar, yakan rako kawunsa kasuwa sayar da awaki. Yaro mai ladabi, ban ƙi shi ba. Sai dai mai ladabin da ya cika karance-karance, ku riƙa sa masa ido.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai tun da aka sa rana. Sa'a marainiya ce, kuma na ga abin da ake yi wa amaryar da aka kai babu gara. Ko bayan shekara goma aka yi cacar baki a tsakar gida, sai wata ta tuna mata cewa haka ta zo tana kaɗa hannu. Na ce ba za a yi wa tawa ba. Shekarar kuwa kun san ta, da ku aka yi. Masu ci sau uku sun koma sau biyu, gero ya gagari wanda ya noma shi. Na sayar da tunkiyata da ɗanta na sayi alkama da sukari da man gyaɗa. Kwana biyar ni da Kande, ƙanwar uban Sa'a, muna bakin murhu. Alkaki bokiti biyu, nakiya bokiti guda, dublan da cincin kwalla ɗai-ɗai.

Sa'a ta same mu muna tuya, ta tsuguna. "Inna, Habu fa ya ce kada a wahala. Ba gara, ba wuni, ba dina. Wata irin walima suka shirya ta daban."

"Ta daban kamar yaya?"

"Za ki gani, Inna."

"Ya soke abin da yake nasa," na ce. "Gara tawa ce. Matsa, kina tare min hayaƙi."

An ɗaura aure ranar Juma'a, Asabar da hantsi muka tashi. Mu takwas mata a ƙaramar bas, gado da katifa a sama, bokitan gara a ƙarƙashin ƙafata don ban yarda a ɗora su ko'ina ba. Direban namu mutum ne da man fetur ya mayar da shi abin tausayi. Da ya ga 'yar gangara sai ya kashe mota, mu tafi shiru kamar masu zuwa ta'aziyya, in ta kusa tsayawa ya tayar. Na ce masa, "Malam, hanyar nan shimfiɗaɗɗiya ce, gangarar a ina kake ganinta?" Ya ce, "Hajiya, ke ba kya gani, aljihuna yana gani." A Babura ya tsaya wajen 'yan bumburutu ya sayi galan biyu, sai da ya shinshina kowanne kamar mai zaɓar turare.

Kande kuwa mota ba ta karɓe ta ba tun tana budurwa. Lemon tsami ne a hancinta daga Ɗambatta har bakin iyaka, tana ta bar min wasiyya. "Tabawa, in na cika a hanya kada ku binne ni a ƙasar mutane." Na ce ta cika bayan biki, yanzu ba mu da wuri a motar.

A bakin iyaka aka ce kowa ya fito da katinsa. Kowa ya miƙa. Kande ta kwance bakin zani, ta kwance leda, ta kwance wata ledar a cikin ledar, ta miƙa wa ma'aikacin katin asibitin da take karɓar maganin hawan jini. Mutumin ya juya shi gaba da baya. "Baba, wannan na ciwo ne." Ta ce, "To ai sunana ne a jiki, kuma ciwon ma nawa ne." Awa biyu muka yi a gindin wata bedi, rana tana dukan katifar amarya, har sai da kawun Habu ya zo a babur ya yi bayani. Ban ga laifin ma'aikatan ba, aikinsu suke. Laifin na wadda aka ce mata sau uku ta duba jakarta ne. A ɗaya ɓangaren wani mai kaki ya ɗaga murfin bokitin alkaki ya ce, "Wannan fa?" Na ce, "Mutuncin 'yata ne. Rufe, kada ƙuda ya shiga." Ya yi dariya ya rufe.

Bayan Magarya muka sauka daga kwalta, daga nan sai yashi. Mu nan gona tana manne da gona, ba ka yin tafiyar minti biyar ba ka ji kukan jaki ko ƙarar injin niƙa ba. Can kuwa sai ku yi ta tafiya, gawo da gawo kawai. Sau biyu mota ta kafe. Sau biyu muka fita muka tura, har da amarya da lulluɓinta. Kande ce kaɗai ta ƙi sauka, wai in ta sauka ba za ta iya sake hawa ba, muka tura da ita a ciki.

Mun isa bayan la'asar. Uwar ango, Hajiya Mariyama, 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai magana ƙasa-ƙasa, ta tarbe mu hannu bibbiyu. Bayanta kuma ga Zalika, yayar Habu, doguwa, idonta bai sauka a fuskarmu ba sai a kan bokitai. "A shigo da su nan, mu ga abin da Kanawa suka iya." Na ce za a gani ranar da ya kamata a gani. Na sa aka kai su ɗakin da aka sauke mu, na jera su a bayan ƙofa.

Masaukin ba laifi, sai dai ɗakunansu babu siminti babu leda. Rairayi suke zubawa, fari tas, a tankaɗe shi kowace safiya. Ka taka ka ji sanyi, amma in allurarki ta faɗi kin yi sallama da ita. Fura suka fara kawowa a ƙwarya wadda jariri zai yi wanka a ciki, ta sha nono, ba irin tamu da ake nuna wa nonon daga nesa ba. Wannan na yaba. Sai dambu da zogale, zogalen ya fi dambun yawa. Sai shayi a 'yan kofunan da ba su kai babban yatsa ba, na farko ɗaci kamar maɗaci, kuma wai sai ka sha uku ko ka ɓata wa mai dafawa rai. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, Kande ta gwada shi da haƙoranta huɗu ta ajiye.

Da safe muka yi wanka muka saka anko. Leshi ruwan goro, lalle ya kama har gwiwar hannu, na kafa ɗauri. Aka ce a fito wajen walima. Ina baza ido in ga rumfa da kujeru, sai aka zagaya da mu bayan gida. Ga sabon ɗaki na tubali, an yi rufin kwano, an yi yaɓe. A ƙofarsa tsibin burji, wato jar tsakuwar nan, da ganguna uku na ruwa, da taɓare a jingine kamar za a yi surfen gari guda. Mata sun kai arba'in a tsaye. Abokan ango sun ɗaga wayoyi.

Habu ya fito da farar shadda ya yi sallama ya fara jawabi. Wai daminar bara ta rushe ɗakin da ya tanada. Wai abokansa sun taru sun gina wannan da hannunsu, amma siminti ya fi ƙarfinsa. Wai da ya zauna ya yi tunani, sai ya ga abin da za a kashe a rumfa da kujeru da makaɗa asara ce a irin wannan shekara. Don haka walimarsa ita ce kowace mace da ta zo ta sa hannu a daɓe ɗakin amarya, yadda kakanni suke yi. A gama da azahar, a ci shinkafa, a kafa gado da la'asar, a shigo da amarya da magariba. Aka yi tafi. Har da guɗa.

Na juya na kalli Kande. Ta ce, "Me ya ce?" Na ce, "Ya ce leburanci muka zo."

Na samu turmi na kife na zauna. Na ce ko da wasa hannuna ba zai taɓa ƙasa ba. Daga Ɗambatta, da kuɗin mota, da turin mota, a ce min walimar 'yata ita ce wannan? A garinmu ko almuru ne ya yi aure ana shimfiɗa wa dangin amarya tabarma a ajiye musu kwano.

Da sun iya aikin ma da na zauna na yi fushina cikin mutunci. Amma ina zaune ina kallo suka kwashi burjin yadda yake, da manyan duwatsu da kashin awaki, suka zuba a ɗakin. Suka kwarara masa ruwa ganga guda har ya koma kunu. Sannan 'yan mata suka shiga da taɓare suna kirɓawa. Duk inda taɓarya ta sauka sai rami, taɓo yana tsalle har bango. Wata tana yi tana kallon waya ana ɗaukarta. Ashe duk taron nan babu wadda ta taɓa yin daɓe. Tsofaffinsu rairayi suka sani, yaransu siminti suka sani, shi kuma ango a bakin kakarsa ya ji labari.

Ni kuwa kafin siminti ya shigo ƙauyenmu, babu ɗakin amaryar da aka daɓe ban riƙe madaɓi ba tun ina 'yar shekara tara. Na daure. Na kau da kai. Na karanta abin da na iya. Sai na ji wata tana cewa a ƙaro ruwa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Ke! Ajiye bokitin nan! Ɗakin 'yata za ku mayar kududdufi? Ku fito, duk ku fito!"

Suka fito ɗaya bayan ɗaya. Habu ya matso yana murmushi. "Inna, akwai gyara ne?"

"Gyara? Wa ya ce maka da taɓarya ake daɓe? Ina madaɓi? Ina makuba? Wa ya tankaɗe burjin nan? Kuma wa ya ce maka ana daɓe da safe a kafa gado da la'asar? Ƙafar gadon za ta nutse har katifa, kai da amaryar ku kwana a rami!"

"To kwana nawa yake ɗauka, Inna?"

"Uku, in Allah ya taimake ka da rana. Yau a kwashe wannan ɓarnar a sake zubi a yi bugun fari. Gobe a yi na biyu yana da danshi. Jibi a shafa makuba a yi na ƙarshe."

Murmushin ya tafi. Ya rage murya. "Inna, abincin yini ɗaya muka tanada."

"Da ka tambayi tsohuwa ɗaya kafin ka tara mutane."

Zalika ta ce daga gefe, "Ni dai na faɗa masa ya yi biki irin na mutane." Wannan ce kaɗai maganar da muka taɓa haɗuwa a kanta ni da ita.

Na cire ɗauri na ɗaura a ƙugu. Leshin da ban gama jin daɗinsa ba na tattare shi. Aka kwashe taɓon, aka kawo rariya aka tankaɗe sabon burji. Hajiya Mariyama ta tuna akwai wani masassaƙi a bayan masallaci, na zana masa madaɓi a ƙasa da yatsa, katako mai faɗin ciki da mariƙi a lanƙwashe, kafin azahar ya fitar da takwas. Makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake shafa wa daɓe ya yi ƙarfi, babu ita, don ɗorawa ba ta yi musu yawa ba, sai na aika gidan majemi aka samo bagaruwa a madadinta na jiƙa a randa. Na jera mata a gwiwa, kafaɗa da kafaɗa, na nuna musu: yayyafi ake yi ba kwarara ba, bugu a tare, a ja da baya a tare. Da hannu ya daidaita sai waƙa ta zo da kanta. Wata ta sako ni a ciki, wai Bakanuwa mai faɗa ta zo da leshi ta koma da jar ƙasa. Na ce ta buga da kyau, bakinta ya fi hannunta ƙarfi.

Ranar an ci shinkafa, an yi raha. Da yamma direbanmu ya ce shi ba zai kwana uku ba, ya kwashi sauran matanmu suka juya. Muka rage ni da Kande da amarya.

Washegari na fito da sassafe na tarar da mata shida. Shida, daga arba'in. Ban zarge su ba. Mace ba za ta bar 'ya'yanta da surfenta ta zo ta durƙusa yini guda da yunwa ba, a shekarar da kowa yake auna tsaba da tafin hannu. Gidan ango kuwa tukunya ta koma ta mutanen gida. Na shiga ɗakin na danna daɓen da yatsa. Ya fara shan iska. In ba a buge shi kafin azahar ba zai tsattsage, kuma daɓen da ya tsage a bugun biyu har abada ba ya haɗuwa. Kullum yana tashi, kullum tsakuwa a cikin abinci. Mata shida ba za su gama ba.

Na koma masauki na tsaya a kan bokitai. Sa'a tana zaune a lulluɓe a kan tabarma, kwana biyu ke nan tana jiran ɗaki.

"Kin san wannan za a yi?" na tambaye ta.

Ta sunkuyar da kai. "Na sani, Inna. Tsoron faɗa miki na ji. Ba shi da kuɗin simintin, kuma ya ƙi ya ci bashi. Ni na ce masa na yarda."

"Kin yarda. Da kika yarda kin iya daɓen?"

Ta fara hawaye. Na ce ta share, kwalli yana da tsada.

Na ɗaga bokitin nakiya. Kande ta riƙe min hannu. "Tabawa, me za ki yi? Garar ce fa! In kika buɗe me za mu nuna?"

"In ban buɗe ba a kan me za ta kwanta?"

"Tunkiyarki ce fa a ciki."

"Na san abin da ke ciki, ni na soya. Sake ni."

Na fito da shi tsakar gida na ɓalle murfin. Na ce wa matan nan shida kowacce ta ɗauki biyu, ta je ta faɗa a unguwarsu cewa duk wadda ta riƙe madaɓi yau za ta ci nakiyar Kano, ta kuma tafi wa 'ya'yanta da ita. Kafin rana ta take, sai da aka riƙa yin layi a kan madaɓan. Ranar nakiya da cincin suka tafi. Rana ta uku aka shafa ruwan bagaruwa aka yi bugun ƙarshe, alkaki da dublan suka bi su. Zalika ta yi aiki, ba zan yi mata ƙarya ba, hannunta har ya yi kanta ya fashe. Amma duk juyowar da zan yi, bakinta yana motsi.

Rana ta huɗu da hantsi aka buɗe ɗakin. Daɓen ya yi baƙi-baƙi da ja, sumul, yana ɗaukar ido. Na buga masa dunduniya ya amsa kamar dutse. Aka kafa gado, aka yi jere. Mata suka cika tsakar gida, don a can ma da an gama jere ake fito da abin da dangin amarya suka kawo.

Kande ta ce mu ɓoye bokitan mu yi shiru. Na ce a'a. Na sa aka wanke su, na ɗauko su da kaina, uku da kwalla biyu, na jera a gaban Hajiya Mariyama na buɗe kowanne. Babu komai sai ƙamshin man gyaɗa.

"Ga garar Sa'adatu," na ce. "Alkaki biyu, nakiya ɗaya, dublan, cincin. Ta zo da ita, kowa ya gani, kuma kowa ya san inda ta shiga. Yarinyar nan ba ta da uwa sai ni, ni kuma gobe zan tafi. Don haka duk wadda ta san wata rana za ta ce mata ta zo babu gara, ta faɗa yanzu ina tsaye, in ba ta amsa."

Na kalli Zalika, don da ita nake, kuma ta san da ita nake.

Ta gyara tsayuwa. "Ni kike kallo, Inna?"

"Ke nake kallo."

"To ni zan faɗa." Ta leƙa bokitin alkaki. "Garar ta yi kaɗan. Ban ƙoshi ba."

Tsakar gida ta fashe da dariya, har Hajiya Mariyama tana riƙe ciki. Ni ban yi ba. Na tsaya ina jira. Da dariyar ta lafa, Zalika ta buɗe tafin hannunta ta nuna min inda ya fashe, ta nuna wa matan.

"Alkaki goma sha ɗaya na ci, na ƙirga. Wadda ta ce yarinyar nan ba ta kawo gara ba ta ce ni maƙaryaciya ce, kuma ni ba a faɗa min haka a garin nan. Ki tafi gida, Inna. Bakin da kike tsoro nawa ne, kuma ya ci."

Sannan ta shiga masauki da kanta ta kamo hannun Sa'a. A ƙofar sabon ɗakin ta tsayar da ita ta ce, "Cire takalmi. Gwiwoyina ne a ƙasan nan."

Mun dawo a motar 'yan kasuwa, a kan buhunan wake, Kande tana sabuwar wasiyya. Leshina bai wanku ba, jar ƙasa da bagaruwa ba sa fita, na yanka shi na yi wa jikokina riguna. Har yau ban huce da Habu ba, kuma da ya durƙusa yana godiya na faɗa masa haka.

Yanzu na ji wasu a cikinku suna cewa abin ya burge su, wai su ma in bikin 'ya'yansu ya zo haka za su yi, wai Tabawa tana nan za ta nuna. Ku yi abinku, babu mai hana ku. Ku tankaɗe burji, ku jiƙa makuba tun ana jibi, ku tanadi abincin kwana uku. Amma kada wadda ta aiko min. Tunkiya ɗaya gare ni, kuma an cinye ta.